GYARA KAYANKA: Don mi masu haƙa ke ƙin kayan tsaron rai?

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu lokacin bida ne. Kowace safiya motoci suna tashi daga tashar Tawa cike da samari. Da can ƴan bidar Adar kudu su ke nufa: Abijan, Legas, Kamaru. Har yanzu ana zuwa can. Amma tun shekarar 2014 da yawa arewa su ke yi, wajen haƙar zinariya.

Aikin rami aikin halal ne, yana ciyar da gidaje masu yawa. Sai dai yana da haɗari. An ƙera kayan da ke rage wannan haɗari, kuma kullum ana fid da sababbi. Abin mamaki, sau da yawa wanda aka yi kayan dominsa shi ke fara ƙin su. A ba shi takunkumin ƙura, ya rataye shi a wuya. A ba shi hular kwano, ya ɗebi ruwa da ita. Filin wannan wata zai duba dalilin haka, da abin da ke gyara shi.

ADAR TA SAN HAƘA

Mutanen Adar ba baƙin haƙa ba ne. Ƙasarsu ƙasar dutse ce. Kakanni sun gina rijiyoyi masu zurfi. Maƙeran dauri sun haƙo tama, sun narka ta, sun fid da ƙarfen hauya da gatari.

Tun shekarun 1960 kampanin siminti na Malbaza ke fasa farin dutse. Siminti yana bukatar wani dutse mai ƙyalli da a ke kira jifs. Mutanen karkara, da yawansu mata da yara, su ke tono shi da hannu a ƙasashen Keita, Buza da Madawa, su sayar. Akwai shi kuma can arewa, wajen In Aridal. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1984 an haƙa dutsen taki, wato fosfat, a In Akker, arewa da Tawa, ana niƙa shi ya zama gari.

Sai uraniyom. Kampanin SOMAIR ya fara fid da shi a Arlit a 1971. Kampanin COMINAK ya biyo baya a 1978, a Akuta, cikin rami mai zurfin mita 250. An rufe wannan rami ran 31 ga Maris 2021. Hanyar kwalta da ta tashi daga Tawa, ta bi Abalak da Agadas har Arlit, saboda uraniyom aka gina ta. Ƴan Adar da dama sun bi ta sun kama aiki can.

A 2014 zinariya ta bayyana a Jado, sannan a Cibarakatan, kusa da iyakar Aljeriya. A shekarar ce kuma aka aza harsashin aikin gawayin ƙasa na Salkadamna, cikin ƙasar Takanamat, kimanin kilomita 80 daga Tawa. Duk ranar da aikin nan ya kankama, ɗiyan manoma da makiyaya na kewaye ne za su cika wurin. Shi ya sa wannan magana ta shafi kowane gida.

ABUBUWA 4 DA KE KISA A WURIN HAƘA

1. Ƙura. In ana huda dutse da kwampuresa, ko ana niƙa shi a inji, ƙura na tashi. Wadda ido ke gani ba ita ce mafi muni ba. Akwai wata mai laushi ƙwarai wadda ido ba ya gani. Ita ke wucewa har cikin huhu ta zauna. Huhu ya yi tabo, ya sandare kamar busasshiyar fata. Likitoci suna kiran ciwon silikoz. Ba shi da magani. Yakan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya nuna, amma inda ƙura ta yi yawa shekaru kaɗan sun isa. Mai ciwon yana kama tarin fuka da sauƙi. Kariya ita ce a jiƙa dutse da ruwa lokacin huda da lokacin niƙa, a kuma sa takunkumi mai matacin ƙura.

2. Muguwar iska. In aka tada injin jan ruwa ko injin wuta cikin rami, hayaƙinsa na ɗauke da wata iska marar launi, marar wari. Mutum ya ji ciwon kai da jiri, ya zauna ya huta, ba zai ƙara tashi ba. Wanda ya sauka ceto shi ma ya faɗi. A ramin gawayin ƙasa akwai wata iska mai kama wuta. A ramin uraniyom akwai wata da a ke kira radon, mai jawo ciwon daji na huhu. Kariya ita ce a bar inji a waje, a hura iska mai kyau cikin rami da bututu, a kuma riƙe ƴar na'urar da ke kuka in iska ta ɓaci. Ma'aikacin uraniyom kuma yana ɗaura wani ma'auni a ɗamara, dozimetir, mai ƙidaya yawan tururin ƙarfen da ya ratsa jikinsa.

3. Rushewa. Ramin da ba a tokare ba, ko wanda aka gina dab da wani, ko wanda ruwan damina ya jiƙa, yana iya rufta wa mutane. Ran 7 ga Nuwamba 2021 ramukan zinariya suka rufta a Garin Liman, ƙasar Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi. Mutum 18 aka fara ƙidayawa sun rasu. Hukuma ta rufe wurin. Kariya ita ce tokara, da tazara tsakanin ramuka, da igiya mai ƙarfi, da hular kwano.

4. Guba. Masu wanke zinariya suna kama ta da zaiba, wadda a ke ce ma merkur. Su ƙona curin a fili, zaiba ta tashi, su shaƙa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, tana sa hannu rawa, tana cutar da ɗan da ke cikin ciki. Kariya ita ce wata ƴar tukunya mai murfi da bututu, retor. A cikinta a ke ƙona curin. Zaiba ta bi bututu ta huce ta koma ruwa, a tara ta a sake aiki da ita. Wani dutsen zinariya kuma yana ɗauke da dalma, ita ma guba ce.

MI YA SA A KE ƘIN KAYAN?

Shugaban aiki yakan ce: taurin kai ne da jahilci. Wannan amsa ba ta isa ba. Mai haƙa yana da dalilansa, kuma wanda bai saurare su ba, ba zai iya gyara ba.

Na farko zafi. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yana wuce 40. Cikin rami ga zufa, ga ƙarancin iska. Takunkumi yana jiƙewa, numfashi ya yi nauyi. Hular kwano tana dafa kai. Kayan da aka ƙera don ƙasashen sanyi ba kullum su ke dacewa da bazarar Nijar ba.

Na biyu kuɗin yini. Wannan shi ne babba. A wuraren zinariya da yawa ba albashi. Buhunan dutse a ke rabawa tsakanin mai rami da masu haƙa. Wanda ya fid da buhu da yawa shi ke samu da yawa. To, tokara tana cin lokaci. Jiran hayaƙin nakiya ya fita kafin a sauka yana cin lokaci. Jiƙa dutse yana cin ruwa, ruwa kuwa a sahara saye a ke yi da tsada. Duk abin da ya rage buhu, ya rage abin da za a aika gida. Mai haƙa yakan ce ma mai rami: "Maigida, in na tsaya tokara, wa zai biya ni wannan yini?" Tambaya ce mai ma'ana.

Na uku zato. Mai zinariya ba ya son ta ɓace ma idonsa ko na ƙiftawa. In an rufe ta cikin retor ba ya ganin ta. Ƙonawar tana daɗewa, wani lokaci kuma launin zinariyar ya canza, mai saye ya karya farashi. Haka ma dozimetir. In ƙidayar ta haura, sai a fid da mutum daga rami a kai shi wani aiki. A ƙasashe da dama an sha ganin ma'aikaci ya ɓoye ma'aunin don tsoron kada ladansa ya ragu.

Na huɗu kunya. Sabon zuwa ya sa takunkumi, tsofaffin hannu su yi masa dariya, su ce matsoraci ne. Gobe ba zai ƙara sawa ba. Wasu kuma sun ɗauka rawani ya isa. Rawani yana tare rairayi da iskar hunturu. Ƙurar nan mai laushi kuwa ratsa shi ta ke yi.

Na biyar, a ce komai ƙaddara ne. Gaskiya ne, rai da ajali suna hannun Allah. Amma makiyayi yana yi ma raƙuminsa dabaibayi kafin ya kwanta, manomi yana ɗaga rumbu bisa duwatsu saboda gara, kuma ba wanda ya ce sun rasa tawakkali.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin duka. Ciwon ƙura ba ya nuna kansa yau. Mutum ya yi rani uku yana huda dutse lafiya lau. Tarin sai ya same shi bayan shekaru, yana gida, a ce sanyi ne ko sammu. Abokan aikinsa na can ba su gani ba, ba su ji ba. Wahalar takunkumi a yau a ke jin ta, amfaninsa kuwa sai bayan shekara 10.

HAKA AKA YI A WASU ƘASASHE

Wannan hali ba na mutanen Nijar kaɗai ba ne. Turawa ma sun yi shi.

A Ingila, shekara 200 da suka wuce, da kyandir a ke shiga ramin gawayi. In harshen wuta ya gamu da iskar nan mai kamawa, sai rami ya fashe. A 1812 mutum 92 suka mutu haka a ramin Felin. A 1815 wani masani, Hamfiri Debi, ya ƙera fitila mai ragar ƙarfe kewaye da wuta. Ragar tana hana wutar fita ta kunna iskar rami. Fitilar ta ceci rayuka. Duk da haka masu haƙa da yawa ba su so ta ba. Haskenta ya kasa na kyandir, su kuwa gwargwadon gawayin da suka fid da a ke biyan su. Wasu suka ci gaba da kyandir. Wasu suna buɗe ragar don su ƙara haske ko su kunna taba. Har sai da aka riƙa kulle fitilun kafin a ba su. Rigimar ta kwanta ne bayan shekara 100, da fitilar lantarki ta goshi ta fito. Ita tana da tsaro, ga haske, ga hannu biyu a sake. Ba a sha wahalar lallashin kowa ba.

A Faransa, ran 10 ga Maris 1906, ƙurar gawayi ta kama wuta a ramin Kuriyer. Mutum 1099 suka mutu. Bayan wannan masifa ne aka tsaurara dokokin tsaron ramuka a ƙasar. Mutanen Salkadamna su riƙe wannan: ƙurar gawayi ita kanta tana fashewa.

A Afirka ta Kudu, wajen shekarar 1900, injin huda dutse ya shiga ramukan zinariya na Johanasbag. Ƙurarsa ta kashe masu huda da yawa tun suna samari. Aka ce a riƙa zuba ruwa. Masu aikin kwangila suna ganin ruwa ɓata lokaci ne, ga jiƙa tufafi. Abin ya fara gyaruwa da aka yaɗa injin da ruwa ke bi ta cikin ƙarfen hudarsa. Mai aiki ba ya bukatar tunawa, ruwan yana zuwa da kansa. Duk da haka ciwon bai ƙare ba. A 2018 manyan kampanonin zinariya na ƙasar suka amince su biya diyyar rand biliyan 5 ga ma'aikatan da silikoz da tarin fuka suka kama.

Darasin a fili ya ke. Kayan tsaron da ke rage ma mutum abinci, da ƙyar ya ke karɓar sa. Wanda ke sauƙaƙa masa aiki, da kansa ya ke nema.

MUTANEN ADAR BA SU ƘIN SABON ABU

Masu cewa talaka ba ya son canji su duba na'urar neman zinariya, wadda a ke ce ma aparai. A 2014 ba wanda ya yi shela don ita. Mutane suka sayar da bisashe, suka haɗa kuɗi, suka saye ta da tsada, suka koyi aiki da ita cikin kwana kaɗan. Dalili, amfaninta a tafin hannu ya ke. Haka wayar salula ta shiga kowane ƙauye da kowane zango.

A duba tassa. A 1989 wasu manoman ƙasar Ilela suka je Yatenga, cikin Burkina Faso. Suka ga yadda a ke gina ramuka a faƙo, a zuba taki, a shuka. Suka dawo suka gwada. Da farko maƙwabta kallo kawai su ke yi, don aikin yana da wuya. A 1990 ruwa ya yi ƙaranci. Gonakin tassa suka ba da hatsi, na kusa da su suka ƙone. Daga nan tassa ta bazu, har aka riƙa sayen faƙon da da can ba mai so. Gani ya kori ji.

Makiyaya kuma su tuna da bushiya. A 1962 aka fara babban gangamin yi ma shanu allura a Nijar da ƙasashen maƙwabta. Wasu suka ɓoye garkensu a daji, suna tsoron ƙidayar jangali ce. Tsoron yana da tushe. Da aka ga garken da aka yi ma allura ya tsira, sai masu ɓoyo suka fito da nasu. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Kayan tsaron rami ma haka su ke bukata. A nuna amfaninsu ido da ido, a kuma cire ma mutane tsoron asara.

ABIN DA AKA GANI A NAJERIYA

A 2010, a jihar Zamfara, yara suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyuka kamar Dareta da Ƴargalma. Likitocin ƙungiyar MSF suka je. Aka gano dutsen zinariyar wurin cike ya ke da dalma. Mutane suna kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin hatsi. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara 400 ko fiye suka rasu. Da farko wasu sun ɓoye gaskiya, don tsoron kada a hana su haƙa. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira, cikin jihar Neja ta Najeriya, yara 28 suka rasu.

A Shikira aka canza dabara. Ba a tsaya ga hani ba, don an ga hani yana sa mutane komawa ɓoye. Aka zauna da masu haƙa da sarakunansu. Aka fid da niƙa daga cikin gari. Aka sa ma injuna bututun fesa ruwa kamar raɓa. Aka yi wurin wanka da wurin canza tufafi, don kada ƙura ta bi mutum gida. Masu haƙa aka koya ma gyaran kayan da kansu. Da aka auna iskar wurin aiki, ƙurar dalma ta ragu da kashi 95 cikin 100, ƙurar dutse ta ragu da kashi 80 cikin 100. An buga wannan sakamako a 2019. Ba a hana kowa neman abincinsa ba, shi ya sa aka karɓa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Zamfara ba ta da nisa da Ƙonni.

WANI LOKACI MA'AIKACI NE KE NEMA

Kada a ɗora laifi duka bisa ma'aikaci. Wani wuri kayan ne babu. Wani wuri an raba sau ɗaya, matacin takunkumi ya toshe, ba a sake ba. Wani wuri an ba mutum kaya ba a gaya masa amfaninsu da harshen da ya ke ji ba.

A Arlit, wani ma'aikacin uraniyom, Almustafa Alhasan, ya ga abokan aikinsa suna ciwo suna mutuwa. Ya kafa ƙungiya mai suna Aghirin'man. A 2003 ƙungiyar ta gayyato masu awo daga Faransa. Suka tarar da tarkacen ƙarfe mai tururi ana sayarwa a kasuwar garin, mutane suna yin kayan gida da shi. Ƙungiyar ta yi ta kira a ba ma'aikata kayan kariya, a kuma daina kai tufafin aiki gida mata su wanke. A 2011 aka kafa hukumar duba lafiyar tsofaffin ma'aikatan uraniyom na jihar Agadas. A 2017 Almustafa Alhasan ya samu lambar yabo ta Nuclear-Free Future Award. Wannan ya nuna in ma'aikaci ya gane haɗari, shi ke shiga gaba.

ABIN DA YA KAMATA KOWA YA YI

Mai rami da shugaban kampani:
- Ya fara da gyaran da ba ya dogara ga tunawar mutum: ruwa a bakin inji, bututun iska, tokara. Takunkumi shi ne katanga ta ƙarshe.
- Ya sa kuɗin ruwa da na tokara cikin kuɗin aiki, kamar man inji. Ranar tokara a ba masu haƙa rabonsu.
- Ya ba ma'aikata kaya iri biyu ko uku su gwada, su zaɓi wanda zafi bai hana sawa ba.
- Ya fara da tsofaffin hannu. In babba ya sa, yaro ba ya jin kunya.
- Shi kansa kada ya shiga wurin aiki kai sake.
- Ya gaya ma kowa sakamakon awonsa, ya kuma tabbatar masa ba za a kore shi don ƙidaya ta haura ba.

Mai haƙa:
- Kafin ya sauka ya tambaya: ina iska ke shiga? Ina injin ya ke? Wa ke riƙe da igiya?
- Kada ya sauka nan take bayan an tada nakiya.
- In wani ya faɗi a ƙasan rami, a fara hura iska, mai ceto ya sauka da igiya a ƙugu.
- Kada ya ƙona zaiba a ɗaki, ko kusa da abinci, ko kusa da mai ciki.
- Ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki yaro.
- In kayan sun dame shi, ya faɗa a gyara. Ajiye su a ɓoye ba ya gyara komai.

Hukuma:
Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ɗora ma mai ba da aiki nauyin tsare lafiyar ma'aikatansa da koya musu haɗarin aikin. Akwai insifektan aiki a Tawa mai karɓar ƙara. Ma'aikacin da aka rubuta a asusun CNSS yana da haƙƙi in ya ji rauni ko ya kamu da ciwon aiki. Saboda haka duk wanda kampani ya ɗauka ya tambayi lambarsa ta CNSS, ya adana takardunsa ko bayan ya bar aiki. A 2017 Nijar ta shiga yarjejeniyar Minamata, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage aiki da zaiba. Masu haƙar hannu sun fi samun taimako in sun haɗu cikin ƙungiya mai takardar izini. Injin hura iska ya fi ƙarfin mutum guda, amma bai fi ƙarfin mutum 20 ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mutanen gida:
Uba mai sallamar ɗansa yakan ce: "Ɗana, ka riƙe salla, ka riƙe amana." Ya ƙara da cewa: "Ka tsare numfashinka." Uwa da mata kada su matsa ma ɗan bida da yawan aike har ya shiga ramin da ya san ba shi da kyau. Kada a kawo dutsen zinariya gida a daka a turmin hatsi. Mata masu tonon jifs su nisanta jarirai daga wurin ƙura, kada kuma su yi gini ƙarƙashin gaɓar da ke iya zubowa. Wanda ya dawo daga haƙa yana tari fiye da sati 2, ko yana haki in ya yi tafiya kaɗan, a kai shi gidan likita. A gaya ma likita irin aikin da ya yi, da yawan shekarun. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, kuma yana warkarwa in an sha shi har ƙarshe.

Ɗan bida yana tafiya ne don ya dawo da abin rufin asiri, ya kuma dawo da ƙarfin riƙe hauya in damina ta faɗi. Wanda ya dawo da jakar kuɗi da huhun da ba ya iya noma kunya 10, kuɗin a wajen magani za su ƙare, gona kuma ta kwana. Ribar rani guda ba ta kai damina 30 ba.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, musamman samarin da ke shirin hawa mota. Masu koyarwa a ajin yaƙi da jahilci su tattauna wannan magana da ɗalibansu. Wanda ya taɓa aikin rami ya faɗa ma na baya abin da idonsa ya gani. Allah ya kai ƴan bida lafiya, ya maido su lafiya. Sai wata mai zuwa.